Saniya Mai Waiwaye

Duk wanda ya saba bin garejin tireloli na bakin hanyar Azare a Potiskum, shekarun baya kaɗan, ya san rumfar Umar Faruk mai fenti. Ba wata rumfa ce ta a zo a gani ba. Tsohon kwano ne aka ɗora a kan turaku, sai benci, sai tulin gwangwanaye, da wani tsanin katako da ya sha ɗigon fenti har ba a gane ainihin launinsa. Amma idan masu walda sun gama haɗa wa mota bodi, nan ake kawo ta a tsayar, a jira Umar Faruk ya hau ya yi mata ado.

Gidansu gidan 'yan kasuwa ne. Kakansa ya zo daga Kano da ƙunshin atamfa, ya zauna a unguwar Dogo Tebo ya buɗe shago, ubansu ya gada, yayansa Sharfaddeen ya gaji uban. Umar Faruk ne kaɗai ya fita daban. Tun yana ƙarami ba a aikensa a zauna lafiya, don sai ya tsaya a hanya yana kallon yadda maƙeri ke lanƙwasa ƙarfe, ko yadda bango ke canja launi idan hadari ya haɗo. Da ya girma ma halin bai sake shi ba. Mutum ne mai tambaya, kuma bai san kunyar tambaya ba. Sai ya tare mai kifi ya ce ya juya masa tarwaɗa ya ga cikinta, ko ya tsayar da mai raƙumi ya nemi ya ɗaga masa ƙafar raƙumin. Wasu su yi masa, wasu su ce ya tafi ya ba su wuri, duk ɗaya ne a wurinsa.

Abin da ya fi ba abokan sana'arsa mamaki shi ne ba ya tsoron ɓata aiki. Akwai lokacin da ya zana raƙumi a jikin wata mota, ya fito da dogon wuya da siraran ƙafafu kamar jimina mai tozo. Direbobi suka taru suna dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya sauko daga tsani, ya ja da baya ya duba, ya fi kowa dariya.

"Wallahi wannan in ya shiga Nijar sai a kama shi," in ji shi. Ya tsoma tsumma a fetur ya goge, ya tafi neman raƙumi na gaske.

Matarsa Raudatu, wadda ke sayar da awara a ƙofar gida, ta saba da halinsa. Ta saba da tsintar murfin tukunyarta a wurin aikinsa yana gwada launi a kai, ta saba da ya bar tuwo ya huce don wani tunani ya faɗo masa. Takan yi mita, amma idan maƙwabta suka ce mijinta kamar yaro yake, ita ce ke tare masa faɗa.

Yawancin masu mota zaki suke so, ko mikiya, ko dawisu, sai a rubuta addu'a a sama. Umar Faruk yakan yi musu, yana ɗan saka nasa a ciki yadda ba za su farga ba. Mutumin da ya fara sakar masa mara gaba ɗaya shi ne Mu'az, wani direba gajere mai faɗin ƙirji, da ke jan tirelar Alhaji Babaji yana kai shanu Kudu. Wata rana da hantsi Mu'az ya kawo motar da sabon bodi, ya bugi ƙyauren baya da tafin hannu.

"Mutumina, ga fili nan fetal. Na gaji da zaki. Tun daga nan har Legas, duk motar da na bi zaki ne, sai ka ce a dawa nake tuƙi. Yi min abin da ba a taɓa gani ba."

"Alhaji ya sani?"

"Alhaji ya ce muddin sunansa na gefe, sauran ba ruwansa."

Umar Faruk bai taɓa buroshi ba ranar. Ya jira Laraba, ranar da Kasuwar Shanu ke ci, ya je ya tsuguna kusa da inda ake lodi. Bai san abin da yake nema ba, kuma hakan bai dame shi ba, don ya saba fita nema hannu wofi. Rana ta take, ƙura da warin kashin shanu suka cika wurin, masu lodi na ihu suna murɗa wutsiya suna tura shanu cikin mota. Can wajen la'asar aka jawo wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, ba ta da ƙiba sosai. Aka tura ta, ta hau ba gardama. Da ta kai bakin motar sai ta tsaya, ta juyo da wuyanta ta dubi baya. Umar Faruk ya bi inda take kallo. Wani dattijon Bafulatani ne, da sandarsa a kafaɗa, ya ba da baya yana tafiya cikin taro. Shi ne ya sayar da ita, kuma bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Saniyar ta ci gaba da kallonsa har aka doke ta ta shige.

Umar Faruk ya tashi, ya koma rumfa kusan da gudu.

Aikin ya ci masa lokaci fiye da duk wanda ya taɓa yi. Ya zana, ya goge. Ya sake zanawa, jikin ya fito daidai, wuyan ya ƙi. Da wuyan ya yarda, sai ido ya gagara. Mu'az ya yi ta zarya yana cewa Alhaji ya fara tambaya, lodi na wuce su.

"Baban Mubaraka, ba jiya ka ce min ka gama ba?" Raudatu ta tambaye shi wata safiya, ganin ya sake ɗaukar kayan aiki.

"Na gama wata saniya dai. Ba ita ba ce."

"To su masu motar sun san wata da wata ne?"

"Ni na sani," ya ce, yana murmushi.

A ƙarshe akuyar maƙwabcinsu ce ta warware masa. Ya kama ta a zaure, ya riƙe kanta yana leƙa cikin idonta, tana fizge-fizge, matan gida na leƙowa suna dariya. A nan ya gane cewa ɗigon hasken da ake sa wa ido ba fari ba ne. Sararin sama ne ke ciki, da duk abin da dabbar ke kallo, ƙanana ƙwarai. Ya koma ya hau tsani, ya sa shuɗi kaɗan a cikin baƙin idon saniyar, sannan da bakin tsinke ya zana wani ɗan mutum da sanda a kafaɗa, ya ba da baya.

Da aka sauke tsanin, mutanen garejin suka taru suna kallo. Jar saniya ce a tsaye cikin fili mai ruwan ƙasa, ba fure, ba ado, ta waiwayo. Duk inda mutum ya tsaya sai ya ga kamar bayansa take kallo, kamar akwai wani da ke tafiya ya bar ta. Mu'az ya cire hularsa ya sosa kai.

"Kai, Umar. Wannan ai sai ta hana ni cin nama."

Kafin wata ya zagayo, saniyar ta yi suna. Duk inda Mu'az ya tsaya shan mai sai mutane su fito da waya su ɗauke ta hoto. Direbobi suka fara zuwa rumfar suna cewa su ma a yi musu abin da ba a taɓa gani ba. Ya yi wa wani mai ɗaukar wake wata mata tana sheƙa, ƙaiƙayi na tashi. Ya yi wa wani tafki da safe, ba kowa sai kwalekwale. Ba duka ne suka yi kyau ba, wasu ma masu motar sun sa ya goge, amma lokacin shi ne mafi daɗi a rayuwarsa. Yakan tashi da asuba kansa cike da abubuwan da bai gwada ba tukuna. Har Sharfaddeen, da bai taɓa ɗaukar sana'ar ƙanensa da muhimmanci ba, ya nuna wa abokan cinikinsa hoton saniyar a waya yana cewa, "Ƙanena ne ya yi."

Da damina ta yi tsakiya abin ya faru. Wata ranar Alhamis da yamma, Mu'az ya yi lodi ya kama hanyar Azare, ana ɗan yayyafi. Bai yi nisa da gari ba ya rage gudu saboda ramuka. Wata bas ta haya cike da fasinjoji, da ta jima tana binsa, ta zo ta shige ƙarƙashin bayan tirelar. Direban bas ɗin ya rasu nan take, tare da mutanen da ke layin gaba in ban da mutum ɗaya.

Wannan mutumin, da aka kai shi asibiti ya farfaɗo, shi ya faɗi maganar da ta zagaye gari. Ya ce direban yana nuna musu saniyar ne. Ya matsa kusa don su ga abin da ke cikin idonta, yana cewa, "Ku duba da kyau, akwai mutum a ciki." Bai rufe baki ba suka ji ƙara.

Umar Faruk na kan tsani lokacin da wani mai faci ya zo ya gaya masa. Ya sauko a hankali, ya ajiye buroshin a ƙasa, cikin ƙasa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a benci. Mutane suka fara taruwa nesa kaɗan suna kallonsa suna magana ƙasa-ƙasa.

Washegari aka jawo tirelar gareji. Ƙarfen ƙasa ya lanƙwashe, ƙyauren ya lotsa daga gindi, amma saniyar na nan, ƙafafunta ne kawai suka kankare. Mu'az, da ya kwana a hannun hukuma aka sako shi, ya zo idanunsa jajur ya dafa kafaɗar abokinsa.

"Kada ka ɗora wa kanka. Gudu yake yi, kwalta da santsi, ni kuma fitilar birkina ɗaya ta mutu tun a Kudu, na faɗa ba a gyara ba. In laifi ake nema, ga inda yake."

"Amma kallonta yake yi."

"Kowa ma kallonta yake yi. Mutum nawa suka bi ni a baya lafiya lau?"

Umar Faruk ya juya ya dubi ƙyauren. Maganar Mu'az gaskiya ce, ya sani, amma ba ta sami wurin zama a zuciyarsa ba.

A gari kuwa magana ta rabu. Wasu suka ce ajali ne kawai. Wasu suka ce dama hoton abu mai rai ba alheri ba ne, ga shi an gani. Wasu suka ce ba hannu kaɗai ya yi saniyar nan ba, akwai abin da aka haɗa da shi, in ba haka ba yaya za a yi fenti ya riƙe idon mutum? Hoton da a da ake yaɗawa don yabo, yanzu aka riƙa yaɗa shi gefe da gefe da hoton bas ɗin da ta murƙushe. Mata suka rage zuwa sayen awarar Raudatu.

Direban da ya rasu sunansa Yunus, ɗan unguwar Yerimaram. Sharfaddeen ya ce wa ƙanensa kada ya je gaisuwa, kada wani mai zafin zuciya ya yi masa abin da ba a so. Umar Faruk ya ce zai je. Ya hau keke napep shi kaɗai ya tafi. Ya zauna a tabarmar maza a ƙofar gida, aka yi addu'a, ba wanda ya ce masa komai. Yana shirin tashi sai aka leƙo daga ciki aka ce mahaifiyar mamacin na son ganinsa.

Ya Kaka ake ce mata, tsohuwa ce siririya, tana zaune a kan tabarma ta lulluɓa da mayafi, carbi a hannu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi magana da Hausarta mai nauyin harshen Barebari.

"Kai ne mai saniya?"

"Ni ne, Iya."

"Matso, ɗana. Ba na gani sosai."

Ya matsa, yana jiran duk abin da za ta faɗa. Ya riga ya shirya wa zagi, har yana fatan a zage shi.

"Yunus ya nuna min ita a wayarsa," ta ce. "Nan ya zauna inda kake. Ya buɗe min idon da yatsa, ya ce, Ya Kaka kin ga mutum? Na ce ni ban ga kowa ba. Ya yi ta dariya. Ya ce idan Allah ya ba shi motar kansa, wurinka zai kai ta." Ta ja carbi. "Yaro ne mai son abu mai kyau. Tun yana ƙarami haka yake. Na ce a kira ka ne don ka ji daga bakina, ban riƙe ka da komai ba. Kwanansa ne ya ƙare."

Umar Faruk ya yi mata sallama ya tashi. Ya fito daga gidan ba ya ganin hanya sosai, ya taka da ƙafa tun daga Yerimaram har Dogo Tebo. Da ta zage shi, wataƙila da ya sami abin da zai kare kansa da shi. Amma yanzu ya san Yunus. Ya san mutum ne irinsa, mai tsayawa ya kalli abu, kuma kallon ne ya kai shi ƙarƙashin mota.

Bayan an gyara ƙyauren, Alhaji Babaji ya zo gareji da kansa. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Umar, ni ban ce kai ka yi ba. Amma motata ba za ta sake hawa titi da abin nan ba. In ba za ka iya ba, in sa wani."

"Zan yi, ranka ya daɗe."

Ya haɗa shuɗin fenti mai kauri, ya ɗauki babban buroshi. Daga wutsiya ya fara. Ya rufe baya, ya rufe tozo, ya rufe ƙahoni. Mu'az na tsaye a ƙasa, da aka zo wajen fuska sai ya juya ya tafi wurin mai shayi. Umar Faruk bai tsaya ba, bai ko rage sauri ba. Da ya gama ya sake bi da shafi na biyu don kada ja ya ɓullo.

Daga nan ya ci gaba da buɗe rumfa kullum, amma aikin ya zama wani abu dabam. Lamba yake rubutawa, da sunan mai mota, da addu'a. Idan aka ce zaki, sai ya yi zaki irin na kowa. Ya daina zuwa Kasuwar Shanu. Ya daina tare mutane da tambaya. Ba wai tunani ya daina zuwar masa ba ne da farko. Yana zuwa. Zai ga wata mata ta ɗauko tulu hasken yamma ya bugi gefensa, sai hannunsa ya motsa. Amma nan take wata tambaya za ta biyo baya, in wani ya tsaya kallo fa? Sai ya kawar da kai. Da ya yi ta kawar da kai, sai abubuwan suka rage zuwa.

Raudatu ce ta fara gajiya da shirun. Wata rana da azahar ya dawo da wuri, ya zauna a tsakar gida ya cinye abincinsa tas tun da zafinsa. Ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Baban Mubaraka, yaushe rabonka da ɗaukar min murfin tukunya?"

"Ba kin ce ina ɓata miki kaya ba?"

"Na ce. To ɓata. Ga su can, kwashe duka." Ta ajiye ludayin. "Ni ba wannan mutumin aka kawo ni gidansa ba. Wanda na sani, idan abu ya lalace dariya yake yi ya sake."

"Raƙumi ne ya lalace na yi dariya, Raudatu. Wannan mutane ne."

"To ka zana a bango. Bango ba ya tafiya. Ka zana a allo ka rataye a ɗaki, ni kaɗai in gani."

Ya ce to. Har ya sayo farin katako ya jingine a zaure. Yakan zauna a gabansa bayan la'asar, buroshi a hannu. Amma a da, hannunsa ke fara tafiya kafin ya san inda za shi, kuskure ya nuna masa hanya. Yanzu so yake ya tabbatar tun kafin ya ɗiga. Yakan daɗe yana auna layin farko a ransa, ya ga aibinsa tun bai ja shi ba, har a kira magariba. Katakon ya yi ta zama fari har Raudatu ta gaji ta mai da shi abin shanya kuɓewa.

Da damina ta sake zagayowa, Mu'az ya dawo. Ya bar aikin Alhaji Babaji, ya haɗa hannu da wani ɗan'uwansa sun sayi tsohuwar tirela tasu ta kansu. Ya tsayar da ita gaban rumfar, ya sauko da fara'arsa.

"Yanzu ba Alhajin da zai ce min komai. Motata ce. Ka yi min abin da ranka ke so."

"Mu'az, ka kai wa wani."

"Wa? Masu buga sitika a inji? Ni kai nake so. Ko wata guda za ka yi, zan jira."

Umar Faruk ya ga yadda abokinsa ke kallonsa, ya kasa cewa a'a. Ya karɓa. Kuma ya yi ƙoƙari, wannan ba wanda zai ce bai yi ba. Ya fita yawo cikin gari kamar da, ya je bakin kasuwar hatsi, ya je wurin masu jima, ya tsaya inda ake sauke rake. Yana kallo, amma kamar mai duba kayan wani. Ya koma ya tsaya gaban ƙyauren. Ya yi tunanin tsuntsaye a kan waya, ya ce za a tsaya ƙirga su. Ya yi tunanin doki a guje, ya ce zai ja ido. Duk abin da ya zo masa mai rai, sai ya rage masa wani abu, ya sake ragewa, har ya zama ba abin da zai tsayar da kowa.

Abin da ya fito a ƙarshe furanni ne, ja da rawaya, a jere cikin zagayen ganye, dama da hagu daidai wa daida. Aiki ne mai tsabta, ba ɗigo, ba karkata. Bai goge ko sau ɗaya ba, kuma ya gama da wuri.

Mu'az ya zo ya tsaya a gaba, ya sa hannu a aljihu. Ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ya yi," ya ce. "Ya yi kyau. Sannu da aiki."

Ya hau motarsa ya tayar. Mutanen gareji na ta harkokinsu, mai faci na bugun taya, mai shayi na fifita wuta, ba wanda ya ɗago kai da motar ta wuce. Umar Faruk ya bi ta da ido har ta hau kwalta. Abin da ya nema ke nan, kuma ya samu. Ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, ya ɗauka kwanciyar hankali ce, sai daga baya ya gane ba ita ba ce.

Bai daɗe ba bayan haka ya je ya sami yayansa a shago.

"Yaya, maganar da ka daɗe kana yi min. In har yanzu akwai wuri."

Sharfaddeen ya dube shi. Shekara da shekaru yana jiran wannan rana, amma da ta zo bai ji daɗin da ya zata ba.

"Wuri naka ne tun ran da aka haife ka. Amma ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya bar wa wani mai gyaran rediyeta rumfar. Yanzu kullum da safe yakan sa farar riga mai tsabta, ba ɗigon komai a hannunta, ya tafi kasuwa. Ya iya aikin. Yana auna yadi daidai, yana ninke atamfa da kyau, ba ya jayayya da kowa. Mutanen unguwa suka ce Umar Faruk ya natsu, ya zama babban mutum. Raudatu idan ta ji haka sai ta shige ɗaki.

Ana gab da babbar salla, shago ya cika, Sharfaddeen ya fita sallar azahar ya bar shi. Wata mata ta shigo da leshi ruwan goro a leda, tana neman mayafin da zai hau da shi. Ta zaɓo biyu, ɗaya ruwan zuma, ɗaya ruwan hoda, ta ɗora su a kan leshin, ta ja da baya, ta kasa yanke shawara.

"Malam, don Allah taimake ni. An ce min kai ka san launi. Wanne ya fi?"

Umar Faruk ya duba. Tun kafin ta rufe baki ya ga cewa ba ko ɗaya. Can sama, a layin da ba a cika taɓawa ba, akwai wani kore mai duhu kamar ganyen mangwaro bayan ruwa. Ba wanda zai yi tunanin haɗa shi da ruwan goro, amma da za a ɗora shi a kai, leshin zai tashi. Ya ji abin a yatsunsa. Miƙa hannu kawai zai yi.

Matar na jiransa. A waje masu keke napep na ta hon, wani na kiran ruwan sanyi.

"Duk biyun sun yi, Hajiya," ya ce. "Wanda kika ɗauka daidai ne."

Ta ɗauki ruwan zuman. Ya ninke mata, ya sa a leda, ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Sannan ya juya wurin na bayanta ya tambaye shi yadi nawa yake so.